Filin Tambaya da Amsa: Na'urar Karatu ko Littafin Takarda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar makarantar sakandare ce a Zariya, ina koyar da Turanci, kuma ina da 'ya'ya huɗu. Babbarsu ta samu gurbin karatun lauya a jami'a, autansu kuwa yana aji uku na firamare. Yayana da ke aiki a ƙasar waje ya ce in zaɓi ɗaya, ko ya aiko mana da na'urar karatu ta Kindle, ko ya turo kuɗinta mu sayi littattafai. A ganinsa zamanin takarda ya wuce, tunda na'urar tana ɗaukar dubban littattafai. Ni kuma ina ganin ai muna da wayoyi a gida, to mene ne amfanin wata na'ura daban? Wanne ya fi dacewa da mu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa yaran albarka, ya kuma saka wa yayan naki da alheri. Zan fara da batun waya, domin a nan ne mutane da yawa suke haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Fuskar waya da ta kwamfuta haske suke fitarwa daga ciki zuwa idon mai kallo, kuma muddin suna kunne suna shan batir. Na'urar karatu irin su Kindle da Kobo kuwa da wata fasaha take aiki wadda ake kira tawadar lantarki, wadda ta samo asali daga binciken da aka yi a cibiyar fasaha ta MIT a Amurka, aka kafa kamfanin E Ink a kanta a shekarar 1997. A ƙarƙashin gilashin akwai ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe da farare masu ɗauke da cajin lantarki. Idan aka juya shafi sai lantarki ya tura wasu sama ya ja wasu ƙasa, rubutu ya fito, daga nan kuma ya tsaya cak ba tare da buƙatar wuta ba har sai an sake juya shafin. Wannan ne dalilin da ya sa caji ɗaya yake kai makonni, kuma ana iya karatu da ita a tsakar gida da rana tsaka, inda fuskar waya take dushewa. A garin da ake ɗauke wuta ba sanarwa, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Akwai kuma fa'idar da ta fi batir muhimmanci a wurina. Na'urar karatu ba ta ƙara idan saƙo ya shigo, ba a kallon bidiyo a kanta, ba a hira da ƙawaye. Duk wanda ya taɓa buɗe littafi a waya ya san yadda shafi biyu ba sa ƙarewa sai saƙon WhatsApp ya faɗo, kafin a farga an yi rabin awa a wani wuri daban. Saboda haka ba na goyon bayan a ce waya ta wadatar. Tana taimakawa ƙwarai ga wanda ba shi da wata hanya, kuma hukumar UNESCO ta nuna hakan a rahoton da ta fitar a 2014 kan karatu a waya a ƙasashe bakwai, ciki har da Najeriya da Gana. Amma idan ana maganar zama a karanta shafi ɗari a jere, waya ce mafi rauni a cikin ukun.

Maganar yayanki cewa zamanin takarda ya wuce kuwa, ban yarda da ita ba. Kamfanin Amazon ya fitar da Kindle ta farko a watan Nuwamba na 2007, kuma tun lokacin ake hasashen mutuwar littafin takarda. Ga shi shekaru sun ja, kuma a ƙasashen da suka fi kowa mallakar waɗannan na'urori, kamar Amurka da Birtaniya, har yanzu littafin takarda ne yake da kaso mafi girma a kasuwa. Ƙasar Suwidin, wadda ta yi nisa wajen shigar da na'urori cikin azuzuwan yara, ta sanar a 2023 cewa za ta sake zuba kuɗi wajen sayen littattafan takarda ga makarantu, bayan damuwa kan yadda ƙwarewar karatun yara take raguwa.

Masana ma sun yi bincike a kan wannan. A 2018 wasu masana daga Sifen da Isra'ila sun tattara sakamakon bincike 54 da suka shafi mutane sama da 170,000, suka gano cewa idan rubutu na bayani ne, irin na ilimi da nazari, masu karantawa a takarda sun fi fahimta, musamman idan an ƙayyade musu lokaci kamar yadda ake yi a jarrabawa. Bambancin ba mai girma ba ne, amma yana maimaituwa. Idan kuwa labari ne, ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Adalci ne a ƙara da cewa mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje a fuskar kwamfuta aka yi su, ba a kan tawadar lantarki ba. Wadda ta gwada Kindle kanta ita ce Anne Mangen ta Jami'ar Stavanger a Norwe, tare da abokan aikinta na Faransa. Sun ba mutum 50 labari guda, rabinsu a takarda, rabinsu a na'ura. A yawancin tambayoyi sun yi kunnen doki, amma da aka ce su jera abubuwan da suka faru bi da bi, waɗanda suka karanta a na'ura sun fi yin kuskure. Bayanin da masanan suka bayar shi ne hannu yana taimakon ƙwaƙwalwa: mai riƙe da littafi yana jin kaurin abin da ya wuce a hannu ɗaya da na abin da ya rage a ɗayan, yana kuma tuna cewa magana kaza tana saman shafin hagu, wajen tsakiyar littafi. A na'ura kowane shafi a wuri ɗaya yake bayyana, ya ɓace, wani ya maye gurbinsa.

Ki duba wannan ta fuskar 'yarki. Karatun lauya ba karatun wucewa ba ne. Za ta riƙa buɗe kundin tsarin mulki a gefe ɗaya, littafin sharhi a ɗaya gefen, tana sa yatsa a wani shafi tana leƙa wani, tana ja layi, tana rubutu a gefe, tana komawa wuri guda sau goma kafin jarrabawa. Na'ura tana ba da damar ja layi da neman kalma, kuma neman kalma ɗin abu ne da takarda ba za ta taɓa yi ba, amma tsalle daga shafi zuwa shafi a kanta yana da nauyi, kuma littafi ɗaya kawai ake gani a lokaci guda. Ga kuma wata matsala da masu tallan na'urar ba sa faɗa. Mafi yawan abin da ɗalibanmu suke samu daga malamai da abokai a tsarin PDF yake zuwa, wato hoton shafi ne mai girman takardar ofis. Fuskar Kindle ta yau da kullum inci 6 ce ko 7, saboda haka rubutun PDF yakan ƙanƙance a kanta har sai an riƙa ja ana matsarwa, abin da yake gajiyar da mai karatu. Na'urar tana nuna gwanintarta ne a kan littafin da aka shirya musamman dominta, irin tsarin EPUB, wanda ake iya ƙara girman baƙaƙensa yadda ake so.

Autanki kuwa ba na ko shakka a kansa. Yaro ɗan aji uku yana buƙatar littafi mai hotuna da launi wanda zai riƙe, ya nuna da yatsa, ya kwanta da shi, daga baya ɗan dangi ko ɗan maƙwabta ya gada. Gilashin na'urar karatu siriri ne, zama ɗaya a kanta ya isa ya kashe ta, kuma ba kasafai ake samun kayan gyaranta a wurin masu gyaran waya ba. Littafi kuwa ko ya yage ana liƙe shi a ci gaba. Sannan ku biyar ne masu karatu a gidan, na'ura kuma ɗaya ce. Ko da littattafai dubu ne a cikinta, mutum ɗaya ne zai karanta a lokaci guda, alhali littattafai ashirin a kan kanta suna iya shagaltar da gida duka a dare ɗaya.

Akwai kuma tambayar da ya kamata kowane Bahaushe ya yi kafin ya sayi irin wannan na'ura, wato me zan zuba a cikinta? Na'urar fanko take zuwa. Sayen littafi a shagon Amazon yana buƙatar katin banki mai iya biyan dala, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, littafin dala goma ya zama kuɗi mai nauyi ga albashin malamin makaranta. Gaskiya ne tsadar dala ta taɓa littafin takarda ma, domin masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe ba sa biya wa ƙasar buƙatarta, kusan duk takardar da maɗaba'unmu suke bugu da ita daga waje ake shigo da ita. Amma littafin takarda yana da kasuwar na-hannu, ana aronsa, ana karɓar hayarsa, ana sayar da shi idan an gama. Littattafan Hausa kuwa kaɗan ne ƙwarai a manyan shagunan na'ura. Abin da Kamfanin Gaskiya da kamfanin buga littattafai na NNPC suka buga a Zariya, da ɗimbin abin da marubutan Kano suka fitar tun daga shekarun 1980, yawancinsu a takarda suke. Marubutanmu na yanzu da suka koma intanet kuma a manhajojin waya da zaurukan WhatsApp suke sakin rubutunsu, ba a shagon Kindle ba.

Inda na'urar za ta yi amfani sosai a gidanku, a wurinki ne ke kanki. Ke malamar Turanci ce, kuma taskar Project Gutenberg, wadda Michael Hart ya fara a 1971, tana da littattafai sama da 70,000 da wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kyauta kuma halal, ciki har da mafi yawan tsofaffin littattafan adabin Ingilishi. Akwai ƙamus a cikin na'urar, da an danna kalma ma'anarta za ta fito. Idan kin san kina cinye littafin labari biyu ko uku a wata, na'urar za ta mayar da kuɗinta. Amma tambayarki a kan gida ce gaba ɗaya, kuma shawarata ita ce ki karɓi kuɗin. Ki fara da manyan littattafan da 'yarki za ta yi shekaru tana komawa gare su, bayan ta tambayi malamanta bugun da ake amfani da shi yanzu, sannan ki saya wa ƙananan littattafan labari na Hausa da na Turanci. Idan wata rana yayanki zai zo gida, ki roƙe shi ya taho miki da na'ura ko da wadda aka yi amfani da ita ce, domin tsofaffin ma suna aiki lafiya.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Kumasi. Da dare nake samun lokacin karatu, kuma a waya nake yi. Idanuna suna yaji, barci kuma yana yi mini wuya. Wani ya ce in sayi na'urar karatu, wani kuma ya ce duk ɗaya ne. Ina gaskiyar take?

AMSA: Ɗana, ba ɗaya ba ne. A 2015 masu bincike a asibitin Brigham and Women's da ke Boston, wanda yake da alaƙa da Jami'ar Harvard, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 12. Sun sa su karatu na kimanin awa huɗu kafin barci, wasu darare a kan iPad, wasu darare a littafin takarda. A dararen iPad sinadarin melatonin, wanda yake shirya jiki domin barci, ya ragu, barci ya yi jinkirin zuwa da kimanin minti goma, kuma da safe sun fi jin kasala. Jaridu da yawa sun ba da labarin kamar a kan dukkan na'urorin karatu ne, alhali iPad irin fuskar wayarka take da ita. Na'ura mai tawadar lantarki ko dai ba ta da fitila sam, ko kuma fitilarta a gefe take tana haska shafin, kuma ana iya rage ta ƙwarai ko a kashe.

Yajin ido kuwa yawanci daga ƙarancin ƙifta ido yake zuwa, da ƙananan baƙaƙe, da kallon abu mai haske a ɗaki mai duhu. Kafin ka kashe kuɗi, ka kunna fitila a ɗakin, ka rage hasken wayar, ka ƙara girman rubutu, kuma duk bayan kamar minti ashirin ka ɗaga kai ka kalli wani abu mai nisa. Awar ƙarshe kafin ka kwanta ka ba takarda. Idan yajin ya ci gaba ko yana zuwa da ciwon kai, ka je a auna idonka, domin wataƙila tabarau kake buƙata, kuma babu na'urar da za ta yi maka maganin wannan.

TAMBAYA: Mahaifinmu malami ne a Damagaram, ya rasu ya bar mana littattafai cike da ɗaki, wasu bugun Misira da Bairut, wasu kuma rubutun hannu. Gara ta fara taɓa su. 'Ya'yana sun ce duk ana samunsu a intanet, a ɗauki hoton sauran a zuba a na'ura, a rabu da takardun a huta. Zuciyata ba ta kwanta ba.

AMSA: Alhaji, Allah ya jiƙan Malam, ya sa ilimin da ya bari ya zama sadaka mai gudana gare shi. Zuciyarka tana kan daidai, amma yaran ma suna da rabin gaskiya. Su ɗauki hoton, wannan shawara ce mai kyau. Abin da ba za a yi ba shi ne rabuwa da takardun.

Da farko a raba littattafan gida biyu. Bugun Misira da Bairut, musamman sanannun littattafan fiƙihu da hadisi da tafsiri da nahawu, gaskiya ne ana samun mafi yawansu a taskoki irin su Maktaba Shamila, kuma neman mas'ala a can ya fi sauri nesa ba kusa ba. Sai dai kwafin mahaifinka ba daidai yake da na intanet ba idan ya yi rubutu a gefen shafi, ya fassara kalma da ajami, ya rubuta sunan malamin da ya karantar da shi ko ranar da ya sauke littafin. Wannan babu shi a ko'ina a duniya sai a ɗakinku. Rubutun hannu kuwa ya fi haka, domin mai yiwuwa a cikinsu akwai waƙa ko wasiƙa ko fatawa da kwafi ɗaya tak ya rage.

Game da dogaro da na'ura, ya kamata yaran su san cewa abin da yake cikinta bai kai takarda tabbas ba. Wanda ya sayi littafi a shagon Kindle izinin karantawa ya saya, ba littafin ba, haka sharuɗɗan kamfanin suka ce, kuma ba ya iya sayar da shi ko ya bar shi gado yadda ake barin littafin takarda. A watan Yuli na 2009 Amazon ya shiga na'urorin mutane daga nesa ya goge wasu littattafan George Orwell da suka saya, saboda wanda ya sa su a shagon ba shi da haƙƙinsu; an mayar wa mutane kuɗinsu, shugaban kamfanin ya ba da haƙuri, amma kowa ya ga abin da zai iya faruwa. A 2019 Microsoft ya rufe shagon littattafansa, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa, aka biya su kuɗinsu. A nan kusa da mu, dandalin OkadaBooks na Najeriya, inda marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu, ya rufe a ƙarshen 2023. Hotunan da za ku ɗauka da kanku ba su da wannan matsala ta kamfani, amma suna da tasu: waya tana ɓata, katin ajiya yana lalacewa, a manta kalmar sirri, kuma na'urar da ake yayi yau ba lallai a same ta bayan shekara ashirin ba. Rubuce-rubucen zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa sun haura shekara 200 kuma har yau ana buɗe su a karanta ba tare da caji ba.

Takarda ma tana da maƙiya, kuma ka riga ka ga ɗaya. Abin da ya faru a Tumbutu darasi ne ta fuska biyu. A farkon 2013 masu ɗauke da makamai sun ƙona ko sun kwashe rubuce-rubuce kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba, amma kafin nan iyalai da masu kula da taskoki, ƙarƙashin jagorancin Abdulƙadir Haidara, sun riga sun fitar da dubban ɗaruruwa a ɓoye zuwa Bamako, inda daga baya aka shiga ɗaukar hotonsu shafi bayan shafi. Ba wanda ya ce tunda an ɗauki hoto a watsar da asalin, kuma ba wanda ya ce tunda asalin yana nan hoto ba shi da amfani.

Abin da za ku yi yanzu, kafin damina, shi ne ku ɗauke littattafan daga ƙasa kuma ku janye su daga jikin bango, domin ta nan gara take bi. Ku sa su a kan kanta ta ƙarfe ko cikin akwatin ƙarfe a ɗaki mai iska wanda ba ya yoyo, ku ware waɗanda gara ta taɓa daga sauran, a yi wa ɗakin magani ba tare da an fesa shi a kan takardun ba. Kada a sa salatif a kan yagaggen shafi, kada kuma a manne shi cikin leda da zafi, domin duka biyun suna lalata takarda da tawada. Rubutun hannu yawanci warwara yake, ba a ɗinke ba, saboda haka a kula kada shafuka su cakuɗe. A bar kowane a cikin gafakarsa ko a naɗe shi da farar takarda mai tsabta. Wajen ɗaukar hoto a yi shi a inuwa mai haske ba tare da filasha ba, shafi bayan shafi bisa jeri, har da bango da shafukan da ba su da rubutu sosai, a ajiye kwafi a wurare uku daban-daban, ɗaya a hannun wani ɗan'uwa a wani gari. A rubuta jerin sunayen littattafan a littafin rubutu, da taimakon wani daga cikin almajiran Malam da ya san su. Idan kun ga akwai abin da ya fi ƙarfinku, Cibiyar Binciken Kimiyyar Ɗan'adam ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, a Najeriya kuma akwai Arewa House a Kaduna, kuna iya neman shawararsu kan adanawa. Bugaggun littattafan da kuke da kwafi biyu, ko waɗanda babu mai karanta su a gidan, ku tattauna da sauran magada a ba da su waƙafi ga makaranta ko masallacin da Malam ya koyar.